HIRAR AKAWU: YAWON YAMMA DA IYALI A FARKON DAMINA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi hira da 'yan'uwana ma'aikatan ofis, da malaman makaranta, da sauran masu karatu. Yau ba zancen albashi ko tsadar hatsi na zo da shi ba. Wani abin kunya ne ya same ni a cikin gidana, na ga gara in tona kaina, ko wani ya ji ya gyara tun abin bai kai gare shi ba.

Cikin watan Mayu, bayan an yi ruwan fari na sosai a nan Zariya da kamar mako guda, na komo daga ofis, na zauna a ƙofar ɗaki ina shan iska, sai ga babban ɗana, mai shekara 10, ya shigo a guje riƙe da wani babban fure fari, ko wane kunne nasa da jan zane a tsakiya. Ya ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Na karɓa, na juya shi gaba, na juya shi baya, na sansana, sa'an nan na ce, "Fure ne." Ya ce, "Na san fure ne, Baba. Sunansa na ke tambaya." Jama'a, sai na yi shiru. Ni da na ke riƙe da lambar fayil fiye da ɗari a ka, na kasa faɗin sunan abin da ya tsiro taki kaɗan daga bayan gidana. Yaron nan kuwa, in ka buɗe masa littafinsa na makaranta, zai lissafa maka furanni da namun ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har da dabbar nan ta Ostareliya mai goyon ɗanta a cikin jaka. Ni ma irin karatun da aka yi mini ke nan.

Goggona, ƙanwar mahaifina, tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri. Ko ɗaga kai sosai ba ta yi ba, ta ce, "Albasar kwaɗi ce. A bakin fadama ka samo ta." Yaro ya ce i, can ya samo ta. Sai ta dube ni ta ce, "Akawu, ashe duk takardun nan da ka ke kwasowa kullum babu albasar kwaɗi a ciki?" Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina lissafi. Goggo ta haura shekara saba'in. Abin da ta sani na itatuwa da ciyayi da tsuntsaye, daga uwarta ta samo, uwarta kuma daga tata. Ni ne ya kamata in karɓa in miƙa wa 'ya'yana, ga shi kuwa hannuna wofi. In ta kau yau, ba ita kaɗai za a binne ba. Sabo da haka da gari ya waye na ce da mutanen gidana, daga yau ko wace Asabar da Lahadi, da an yi la'asar rana ta yi sanyi, za mu fita mu duka, mu bi ta gefen gonaki wajen dutsen Kufena, Goggo ce malama, ni ne mai rubutu. Na sayi littafin rubutu mai warƙa 40 domin wannan aiki. Yau wata biyu da 'yan kwanaki ke nan muna yi, ga kuwa abin da muka gani.

Da fari dai ku sani, ba ko wane lokaci ne a ke samun wannan kallo ba. Turawan Ingila, in sanyinsu ya wuce cikin watan Afrilu da Mayu, su kan kwashi 'ya'yansu su tafi kallon furannin dajinsu, har wadansunmu da suka karanta labarin su kan zaci abin nasu ne su kaɗai. To, mu ma muna da namu lokacin, watau ƙarshen bazara da farkon damina. A ƙasar Zazzau ruwa ya kan zauna daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, abin da ke sauka a shekara kuwa ya kan kai wajen milimita 1,000 ko ya ɗara. Amma furannin da na ke zance ba su jiran damina ta nutsa. Dalili kuwa suna da rumbunsu a ƙarƙashin ƙasa. Albasar kwaɗi ta tara abincinta cikin kanta tun daminar bara, ta kwanta duk rani, wutar daji ta bi ta bisanta ba ta taɓa ta ba. Da ruwa ya jiƙa ƙasa sai ta yi maza ta fid da fure, tun ciyawa ba ta yi tsawon da za ta rufe ta ba, domin ƙwari su gan ta, su kawo mata garin fure daga 'yar'uwarta, ta sami yin iri. Wanda ya ce sai an gama noman fari zai fita kallo, ya tarar an watse.

Fitarmu ta biyu, muna kan hanyar komowa, rana ta yi ja, sai uwargida ta ce tana jin wani ƙanshi. Muka bi shi, muka iske wani farin fure siriri, guntu, tsakiyarsa kamar mazurari, yana cikin buɗewa a kan idonmu. Goggo ta ce, "Hatsin manoma ke nan." Shi da yamma ya ke buɗewa, ya kwana a buɗe, kafin rana ta yi zafi kashegari ya yi yaushi. Baƙinsa wani irin malam-buɗe-littafi ne na dare mai dogon baki, wanda ke bin fari da ƙanshi cikin duhu. Shekara goma sha ina bin hanyar nan da safe a kan babur, ban taɓa sanin akwai shi ba, gama lokacin da ya ke ado ni ina gida ina latsa waya.

Itatuwa ma suna da nasu labarin. Goggo ta nuna wa yara gawo, ta ce su duba da kyau: sa'ad da ko wane itace ke fid da sabon ganye, shi zubad da nasa ya ke yi, ya tsaya tsirara duk damina, sai da kaka ya sake tofo. Sabo da haka ne manomi ba ya sare shi daga gona, domin ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuwa taki ne. Ta nuna mana marga, wadda ta riga ta gama zuba furenta rawaya tun cikin bazara, ta ce baɗi mu fito da wuri mu gan ta cikin adonta. Ta ce haka kuma tsiron nan da a ke kira rawaya, wanda a ke rini da saiwarsa, da rani ya ke fid da fure a ƙasa ƙasa bayan an ƙone daji, babu ganye ko ɗaya. Kukar da ke bayan unguwarmu kuwa, wadda ban san ta da kome ba sai miya, ashe da magariba ta ke buɗe manyan furanni farare masu reto, jemagu su zo su sha zaƙinsu, kashegari furen ya faɗo. In babu jemage, 'ya'yan kuka sai su yi wuya. Ɗana ya ji haka ya ce ya bar harbinsu da danƙo. Ban tabbata zai cika alkawari ba, amma dai ya faɗa a gaban shaidu.

Wajen masu rai kuwa, abin da ya fara ɗauke hankalin 'yata, mai shekara 6, shi ne wani ɗan jan ƙwaro mai laushi kamar karammiski, wanda ke fitowa a kan rairayi bayan ruwan fari. Kusan shekara duka a cikin ƙasa ya ke, sai 'yan kwanakin nan ya ke fitowa, daidai lokacin da gara ke fid da shinge, gama su ne abincinsa. Shingen nan kuwa bikin kowa ne. Ran da suka tashi da yamma mun tsaya a gindin wani suri muna kallo: tsattsewa na kamawa a sama, ƙadangaru na tsinta a ƙasa, kwaɗin da suka yi rani a binne cikin laka sun fito suna ta lasa, har wata bushiya ta fito daga cikin shinge na gona tana sanɗa, da ta ji motsinmu ta dunƙule. Yara suka so su ɗauke ta zuwa gida. Goggo ta hana, ta ce wanda ke cinye ƙwarin gona ma'aikaci ne, ba a kama ma'aikaci yana bakin aiki.

Mun ga shamuwa ta yi sheƙa a kan wata tsamiya kusa da gidaje. Kowa ya san zuwanta bushara ce ta ruwa, shi ya sa ba a jifanta. Amma da na tambayi yara ina ta ke zuwa da rani, ba wanda ya sani, har Goggo ma ta ce ita dai ta san tana tafiya. Nan ne karatun boko ya yi mini rana, na sami abin da ni ma zan ƙara: in damina ta ƙare a nan, shamuwa ta kan bi ruwa ta yi kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya, har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, tana cin fara da tsutsa, sa'an nan ta juyo ta zo nan ta yi ƙwai. Goggo ta riƙe baki ta ce, "Ashe 'yar fatake ce!" Mun kuma ga cilakowa yana kai da kawowa wajen wani kogon itace da abinci a baki. Matarsa ce a ciki, ta liƙe ƙofar ta bar 'yar tsaga, ba ta fita sai 'ya'ya sun ƙyanƙyashe sun ɗan tasa, shi kuwa yana ta ciyad da ita ta tsagar nan. Uwargida ta ce in rubuta wannan da manyan baƙaƙe, a karanta wa magidanta. Ga shi na rubuta.

Yanzu in zo ga abin da ya sa na ce lalle sai na aiko da wannan takarda. Cikin watan Yuli, ciyawa ta fara tsawo, muka iske wani tsiro yana hawan wani ɗan kurmi da ƙarshen ganyensa, furensa ja da rawaya, kunnuwansa sun lanƙwashe sama kamar harshen wuta. Ban taɓa ganin fure mai kyaunsa ba. Ni da uwargida da Goggo muka wuce gaba kaɗan muna duban wata hawainiya, ashe yaron nan ya sa tsinke ya tono saiwar, wai zai dasa a gida. Saiwar kuwa fara ce, sumul, kamar ɗan dankali. Ya karya ya ba ƙanwarsa rabi. Allah ya sa Goggo ta waiga, ta ga yarinya ta goge shi a zane tana shirin kai wa baki. Sai muka ji tsawa, "Ke! Yar da shi!" Tsohuwar da kullum sai an jira ta a hanya, ran nan ta riga ni isa. Ta kaɓe hannun yarinya, ta sa aka wanke musu hannu da ruwan gorarmu, sa'an nan ta ɗauki saiwar da ganye ta nuna mana yadda ta tanƙware kamar gatari. Ta ce, "Gatarin kurege ke nan, wadansu su ce baurera. Ba a ci, ba a ba dabba." Da hankalinta ya komo sai ta dubi yarinyar ta ce, "Ke kishiya, so ki ke ki mutu ki bar mini miji da kuka?" Muka yi dariya, amma ni ƙafafuna rawa su ke yi.

Da na komo na bincika, na tarar maganar Goggo babu ƙari. Tsiron nan dafi ne tun daga saiwa har iri. Wanda ya ci, bayan 'yan sa'o'i sai amai da zawo mai tsanani, daga nan abin ya taɓa jini da sauran kayan ciki, ya kan kuwa kashe. A Indiya da Siri Lanka an sha samun waɗanda suka ci saiwarsa bisa zaton doya ce suka hallaka. Duk da haka a Indiya noma shi a ke yi, masana su fid da maganin wani ciwon gaɓɓai daga cikinsa da awo, mutanen Zimbabuwe kuma sun ɗauke shi furen ƙasarsu. To, ku duba. Da ni kaɗai na fita da yaran nan, da na tsaya ina yabon kyaun fure 'yata tana tauna ajalinta. Sunan nan da na raina, na ɗauka kayan hirar tsofaffi ne, ashe a cikinsa a ke ajiye sanin abin da za a ci da abin da za a guda. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Akwai kuma abin da muka nema ba mu gani ba. Goggo ta ce da tana yarinya gauraka na sauka a fadamu, a kan ji kukansa tun daga nesa. Mu ko ɗaya ba mu gani ba, ga shi kuwa shi a ke kira tsuntsun ƙasar Nijeriya, amma yau da wuya a gan shi a cikinta. Ungulu ma, wadda ni kaina na tashi na gan ta cike da mahauta, 'ya'yana ba su taɓa ganinta da ido ba. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke bakin halaka, sabo da guba da kuma masu kama ta suna sayarwa domin tsatsuba. Hanyar da mu ke bi ma, tsakanin Mayu da yau an kafa duwatsun fuloti a wurare biyu, an kuma sare wata tsohuwar kirya an yi gawayi. Ban ce kada a gina gida ba, ni ma haya na ke biya. Amma mutum ba ya jin zafin rasa abin da bai san sunansa ba. Wanda ya san gindin kaɗanya da amfaninta, in zai yi gini ya kan bar ta a tsakar gida.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne wannan. Tun 1916 wani likita Bature, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya buga ɗan littafi a Landan na sunayen itatuwa da tsire-tsire da Hausa, a 1937 kuma ya fid da babban littafi a kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Ƙamus na Bargery na 1934 shi ma cike ya ke da sunayen tsuntsaye da ciyayi. Daga bakin wa suka ji? Daga bakin manoma da makiyaya da maharba da tsofaffin mata irin Goggo. Baƙo ya zo ya tambayi kakanninmu ya rubuta, mu jikoki masu alƙalami a aljihu mun ƙi tambaya. Littafina yanzu yana da suna 63, ko wanne da ranar da muka gan shi, da wurin, da abin da Goggo ta ce a kansa. Ɗana ne ke zana surarsu.

Wani abokin aikina ya ce mini wannan aikin marasa aikin yi ne, wai mutum da girmansa ya riƙa bin ƙwari da matarsa a baya, sai a ce ya taɓu. Na ce masa sa'a biyun nan, in ban fita ba, a majalisa zan ɓad da su muna gardamar ƙwallon Turai. Kuma tun da muka fara fitar nan na ji abin da ke ran ɗana wanda shekara guda ban ji ba a cikin gida, gama yaro ya fi sakin baki in kuna tafe kafaɗa da kafaɗa bisa ga in ka zaunad da shi a gabanka. Kuɗi kuwa ko kwabo ba mu kashe ba, in ban da na littafi.

Wanda ya ke so ya gwada, ga 'yar shawarata. Ya nemi tsoho ko tsohuwa ya tafi da su, ko manomi, ko Bafillace makiyayi, matambayi ba ya ɓata. Kada a yi nisa da gari, zamanin nan ba na shiga daji ba ne, gefen gona da bakin rafi sun isa, a kuma kama hanyar gida tun ba a kira magariba ba. Kowa ya sa takalmi rufaffe, kada yaro ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, gama farkon damina ne lokacin kububuwa, wadda a ke wa kirari gobe da nisa. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe shaida ne a kan ɓarnarta. In tsautsayi ya faɗa, a nufi asibiti nan da nan, kada a tsaga wurin. Kada a tono saiwa, kada a kwashe ƙwan tsuntsu, kada a kai kome baki sai wanda ya sani ya yarda. A kuma kiyaye shukar mutane.

Malaman makaranta, ku ne kan gaba. Ko sau ɗaya a wata ku fita da yaranku bayan makaranta, ko wane yaro ya kawo suna biyar daga bakin kakarsa. Ku kuma 'yan'uwa na Sakkwato da Katsina da Bauci da Damagaram, na san tsiro ɗaya ya kan yi suna uku tsakanin gari da gari. Ina roƙonku ku rubuto wa Edita yadda ku ke kiran albasar kwaɗi da hatsin manoma da gatarin kurege a wajenku, in ya yarda a buga a wannan fili, mu gwama. Goggo ta ce Asabar mai zuwa za ta kai mu bakin wani kududdufi mu ga bado da sheƙar marai, in gwiwarta ta bar ta. Abin da muka gani zan ba ku labari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ja kwanan tsofaffinmu. Amin.

Haza wassalam.

Ni ne naku,
Akawu Mai Yawon Yamma,
Zariya.